Amsoshin Tambayoyinku: Ruwan Batir da Hannun Mai Gyara

Wani matashi mai koyon gyaran batir a Dakoro ne ya aiko da tambayar wannan mako. Ya ce wandon aikinsa duk ya huhhuje, kuma hannunsa na yi masa raɗaɗi idan ya tashi daga aiki. Abokansa sun ce ya riƙa shafa kanwa ko baƙin mai. Shin hakan magani ne?

Na ji daɗin tambayar nan, ɗana, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ruwan da ke cikin batirin mota ko na sola haɗi ne: kusan kashi ɗaya cikin uku asid ne mai suna salfurik, wato sinadari mai cin abu, sauran kuma tataccen ruwa. Ɗigo ɗaya a kan auduga ba ya nuna kansa nan take. Sai ruwan ya bushe, asid ɗin ya ƙara kauri, ya cinye zaren, ranar wanki ka ga rami. Abin da ya yi wa wandon, shi yake yi wa fatarka.

Masu cewa kanwa ba su yi nisa da gaskiya ba, domin kanwa tana kashe kaifin asid. Amma haɗuwarsu tana fitar da zafi, sai ƙuna ta hau kan ƙuna. A barbaɗa ta inda ruwan ya zube a ƙasa, ban da jiki. Baƙin mai kuwa rufe asid ɗin yake yi a kan fata, ya bar shi yana ta ci.

Maganin farko ruwa ne, mai yawa. Ka tuɓe rigar da ta jiƙe, a yi ta kwarara maka ruwa aƙalla minti 20. Idan ido ne, ka buɗe shi da yatsu, a zuba daga gefen hanci don kada ya gangara cikin ɗayan, sannan a wuce asibiti ko da raɗaɗin ya lafa. Na san tsadar ruwa a Dakoro, inda rijiya take da zurfi, amma jarka guda ta lita 25 da aka ware domin wannan ba ta kai darajar ido ba.

A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, za ka ga ruwan batir yana saurin raguwa. Ruwan ne yake tafiya, asid ɗin yana nan. Saboda haka tataccen ruwa ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma na rijiya mai gishiri-gishiri ba. In za a yi sabon haɗi, asid ake tsiyayawa a hankali cikin ruwa. Wanda ya juya abin, ya zuba ruwa a kan asid, ruwan zai tafasa ya fantsamo masa a fuska.

Batirin da ke kan caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda tartsatsi kaɗan ke tayar da ita. A yi caji inda iska ke shiga, a nisanta taba da walda.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zuba asid a gorar ruwan sha, yaro ya ɗauka ya kurɓa. In hakan ta faru, kada a sa shi amai, a garzaya da shi asibiti. Kai kuma ka roƙi maigidanka safar hannu ta roba da tabarau mai rufe gefen ido tun kafin ka sake buɗe wani batir.