Ledar da ta fito daga madafa, tumbin bisa take ƙarewa

Ƴan uwa makiyaya da membobin ƙungiya, darasinmu na yau ya shafi cikin gida. Ledar da ake ƙullo gishiri, mai, ƙosai ko tuwo a ciki, idan aka yar da ita a juji, ƙanshin abinci bai rabuwa da ita. Akuya, tunkiya ko saniya ta zo ta haɗiye. Abin ya fi yawa da rani da bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare kuma jikin bisa yake neman gishiri.

Tumbi bai narkar da leda. Tana taruwa kaɗan-kaɗan, ta haɗu da zaren buhu da tsumma, ta dunƙule ta cinye wurin abinci. Mahauta sun san wannan dunƙulen, suna fitar da shi a mayanka.

Alamomin da za ku lura da su: bisa tana ramewa ko da ana ba ta dusa da harawa, ta rage ci da tuƙa, ciki ya kumbura ko ya yi tauri, kashi ya ragu, nono ya ja baya. Waɗannan alamomi suna kama da na tsutsar ciki, don haka a kira ma'aikacin kiwo ya duba kafin a sayi magani. Babu allura ko jiƙon da ke narkar da leda. In ta taru, sai a yi wa bisa aiki a fitar, ko a yanka ta a kan hasara.

Rigakafin yana hannun uwargida da maigida:

1. A tafi kasuwa da kwando, sanho ko jakar yadi.
2. Mai a kwalba, nono da fura a ƙwarya, abinci mai zafi a langa mai marfi.
3. Hatsi da gari a tukunya ko ƙwarya, a rufe da faifai.
4. Mai tafiya kiwo ya riƙe gora ko buta, ya bar ruwan leda.
5. Sauran abinci da ɓawo a juye wa bisashe a kwano, kada a miƙa musu cikin leda.
6. Ledar da ta riga ta shigo gida a tara ta a buhu, a rataye inda akuya ba ta kaiwa, sannan a binne a rami mai zurfi nesa da garke da rijiya. Kada a hura wutar girki da ita, hayaƙinta yana cutar da ƙirji.

A ajiye wa bisashe gishirin lasa ko kanwa, zai rage musu kwaɗayin juji.

Tun 2014 Nijar take da dokar hana ledar nan marar kauri, amma har yanzu tana cika kasuwanninmu. Akuyar maƙwabci juji ɗaya take kiwo da taku, saboda haka a kai maganar taron ƙungiya, a tsayar da ranar tsintar leda a bakin rijiya, kasuwar bisashe da burtali.