Amsoshin Tambayoyinku: Neman Abu a Cikin Set

Wani ɗalibi daga birnin Zariya yana tambaya: a rubutun manhaja, yaya ake gane ko abu yana cikin set?

To ɗan'uwa, a Python kalmar "in" ce maganin. A ce ka zuba sunayen ƙofofin Zariya, wato Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana a set mai suna kofofi. Rubuta "Ƙofar Doka" in kofofi, kwamfuta za ta ce True. Tudun Wada kuwa False, tunda ba ka saka ta ba. A JavaScript has ake rubutawa, a Java contains.

Set yana lissafo mazaunin suna kai tsaye, ba ya bin sunaye ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na fi son sa idan bayanai sun yi yawa. Sai dai ka kula, kwamfuta ba ta ɗaukar k da ƙ a matsayin harafi ɗaya.