Yadda Ido Kan Ruɗi Direban Jirgin Sama

Ran nan ina koya wa 'yan aji biyu aiki da kamfas, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ina amfanin lambobin nan manya da ake rubutawa a bakin titin da jirgin sama ke sauka?" Na ba shi amsa a gajarce, amma na ga ya kamata in ƙara bayani a nan, don akwai darasi a ciki wanda ya shafe mu duka.

Kun dai san an raba kamfas digiri 360. Gabas 90 ce, kudu 180, yamma 270, arewa kuwa 360. To, kowane titin sauka akan duba inda ya fuskanta, a raba digirin da 10, abin da ya fito shi ne lambarsa. Titin da ya dubi kudu sosai sai a ce da shi 18. In ka ɓullo masa ta ɗaya bakin kuwa arewa ka dosa, sai ya zama 36. In tituna biyu suna jere da juna, akan ƙara wa na hagu harafin L, na dama kuma R, watau farkon kalmomin nan da Turanci. Haka abin yake a filin jirgi na Ikko, akwai 18L da 18R. Da dare kuma fitilu ke magana: na gefen titin sauka farare ne, na gefen ƙaramin titin da jirage ke bi sannu-sannu kafin su tashi shuɗɗa ne, na tsakiyarsa kuwa kore.

Sai ku ce, da wannan tsari duka ina hanyar kuskure? Ku saurara ku ji.

Ran 7 ga Yuli, 2017, wani jirgin kamfanin Air Canada ya taso daga Toronto da fasinja 135 da ma'aikata 5, za shi San Faransisko ta Amurka. Ya iso dab da ƙarfe 12 na dare, gari garau, ba hazo ba ruwa. Filin yana da tituna biyu a jere, 28L da 28R. Daga dama da 28R kuma akwai ƙaramin titi, wanda a daren nan jirage 4 ke tsaye a kansa cike da mutane, suna jiran a ba su izinin tashi.

Mai tsaron hasumiya ya ce wa direba ya sauka a 28R. Ashe a wannan dare an rufe 28L don gyara, an kashe fitilunsa. An kuwa rubuta wa direbobin wannan labari, amma yana can a shafi na 8 cikin takardu masu shafi 27, ba su riƙe shi a ka ba. Da suka hango filin, zuciyarsu ta riga ta gaya musu za su ga tituna biyu. Suka kuwa ga layin fitilu biyu. Sai suka ɗauki 28R shi ne na hagu, ƙaramin titin nan kuma shi ne na dama, suka miƙe masa sosai.

Akwai wata na'ura a jirgi wadda kan kama saƙo daga ƙasa, ta nuna wa direba ko ya daidaita da titinsa. Da an saita ta, da ta tona kuskuren tun daga nesa. Mataimakin direba ya manta bai saita ta ba, babban kuma bai lura ba. Ga gajiya, don babban direban ya yi awa 19 ido biyu, kuma a agogon garin da suka baro ƙarfe 3 na dare ta gabato.

Duk da haka ransu bai kwanta ba. Suka kira hasumiya suka ce suna ganin fitilu a kan titi, shin da gaske an ba su izini? Mai hasumiya ya duba 28R ya ga ba kowa, ya ce musu su kaɗai ne. Gaskiya ya faɗa, amma shi da su ba wuri ɗaya suke nufi ba. Sai direban jirgin farko na masu jira ya yi magana ta rediyo, ya ce wannan fa ƙaramin titi ya dosa. Na biyu ya kunna manyan fitilunsa. Nan da nan direbobin suka ƙara wuta suka fasa sauka. Jirgin ya yi ƙasa har saura kamar ƙafa 60 kafin ya ɗaga. Suka kewayo suka sauka lafiya, ba wanda ya yi ko ƙwarzane, alhali kuwa mutum fiye da 1,000 ne cikin jiragen nan 5.

Ba kullum akan tsira haka ba. Ran 31 ga Oktoba, 1979, wani jirgin Western Airlines ya iso birnin Meksiko da asuba cikin hazo. An ce masa ya sauka a 23R, ya sauka a 23L wanda aka rufe don gyara, ya bugi wata babbar mota, ya faɗa wa gini. Mutum fiye da 70 suka rasu.

Hausawa kan ce gani ya kori ji. A nan kuwa ganin ne ya ruɗe su, don ido yakan nuna wa mutum abin da ya riga ya sa rai zai gani. Kada ku zaci rashin gwaninta ne, direban Air Canada ya yi awa fiye da 20,000 yana tuƙi. Abin da ya cece su biyu ne: wani ya ga ɓarna bai yi shiru ba, su kuma da shakka ta yi yawa ba su ji kunyar fasawa su sāke daga farko ba. Bayan wannan abu, hukuma ta hana sauka da ido kaɗai a filin nan da dare in an rufe titin da ke kusa.

Ni kaina na taɓa ba yaro maki cikakke a lissafin da ya kuskure, don na saba ba ya faɗuwa, idona ya karanta amsar da nake jira. Wani yaro ne ya nuna mini, na ji nauyi, amma na gyara. Ku da za ku fita koyarwa, in ƙaramin yaro ya ce, "Malam, ba haka ba ne," ku tsaya ku sāke dubawa tukuna.

Ga aiki kafin mako mai zuwa. Titin da ya dubi gabas sosai, wace lamba za a ba shi? In ka shigo wa 28R ta ɗaya bakin, mene ne sunansa? Ku kula da harafin fa, kada ku tsaya ga lamba kaɗai.