DARASI: SEFA DA NAIRA, KUƊI BIYU A KASUWA ƊAYA



Ya ku ƴan uwa masu karatu, darasinmu na wannan fitowa mun tsara shi ne domin ɗiyanmu masu shirin zama jarrabawar ɗaukar ma'aikata a bankuna da ma'aikatun kuɗi, wato kwankur, inda akan yi tambayoyi a kan al'amuran yau da kullum na ƙasa da na duniya. Amma fa'idarsa ba ta tsaya a kansu kaɗai ba. Duk mutumin Madarumfa da ya taɓa kai rago ko buhun wake kasuwar Jibiya, aka biya shi da naira, ya dawo Ɗan Isa yana cigiyar mai canji, to darasin nan nasa ne shi ma.

Ɗalibai da yawa sukan haddace sunaye da shekaru ba tare da sanin abin da ya haɗa su ba, sai mai jarrabawa ya juya tambaya kaɗan, hadda ta watse. Alhali ruwa ba ya tsami banza. Akwai mas'ala guda wadda in aka gane ta, mafi yawan labaran tattalin arzikin wannan yanki za su warware da kansu: sefa ɗaure take da kuɗin Turai a kan farashi tsayayye, ita kuwa naira farashinta motsawa yake yi. Mu da muke zaune tsakanin su biyun, mu ne muke fara jin motsin.

NA FARKO: ASALIN SEFA DA MAI KULA DA ITA

An ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945, tun zamanin mulkin mallakar Faransa. A yammacin Afirka ƙasashe 8 ne suke amfani da ita: Nijar, Binin, Burkina Faso, Kwadibuwa, Mali, Senegal, Togo da Gini Bisau, wadda ta shigo daga baya a 1997. Babban bankin da yake fitar da ita shi ne BCEAO, hedkwatarsa tana Dakar, yana da reshe a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Ƙungiyar tattalin arzikin waɗannan ƙasashe kuwa ita ce UEMOA, wadda aka sa hannu a kan yarjejeniyarta a Dakar ranar 10 ga Janairu 1994, ofishinta kuma yana Wagadugu. Ɗalibi ya kiyaye kada ya cuɗanya biyun: ɗaya banki ne, ɗaya ƙungiya ce ta gwamnatoci.

Dattawa ba za su manta da Janairun 1994 ba. A ranar 11 ga wannan wata aka yi shelar karya darajar sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da ake canjawa sefa 50 ya koma sefa 100. Magani da kayan gyaran mota da sauran abin da ake shigowa da shi daga ƙetare suka yi tsada, albashin ma'aikaci ya kasa kai shi ƙarshen wata, amma mai sayar da dabbobi a waje ya riƙa dawowa da sefa fiye da da. Daga 1 ga Janairu 1999 aka mayar da ɗaurin ga kuɗin yuro, a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. Wannan adadi ya wajaba ɗalibi ya riƙe shi.

A Disambar 2019, a birnin Abijan, Shugaba Alassane Ouattara da Shugaba Emmanuel Macron suka ba da sanarwar gyara: an daina tilasta ajiye rabin kuɗin ƙetare na waɗannan ƙasashe a baitulmalin Faransa, an kuma janye wakilan Faransa daga majalisun babban bankin. An ambaci sauya suna zuwa eko, amma ɗaurin da yuro bai canja ba.

NA BIYU: NAIRA

Naira ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1973, ta maye gurbin fam da sule. Babban Bankin Nijeriya, wanda ya buɗe a 1959, shi ne mai fitar da ita. Mafi yawan kuɗin ƙetare da Nijeriya take samu daga ɗanyen mai suke zuwa, saboda haka ƙarfin naira yakan bi farashin gangar mai da kuma shawarar hukuma. A 1986, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka fara sakinta ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, ta yi ƙasa ƙwarai. A shekarun da suka biyo baya ƴan kasuwar Nijeriya suka yi ta neman sefa ruwa a jallo, domin ana iya juya ta zuwa faran a Turai, har a Agustan 1993 BCEAO ya daina fanso takardun sefa da aka fitar waje da ƙasashensa.

A 2023 abubuwa biyu suka faru a jere. Ranar 29 ga Mayu, Shugaba Bola Tinubu ya yi shelar janye tallafin man fetur. A watan Yuni kuma aka bar kasuwa ta yanke wa naira farashi. Dalar Amurka da hukuma take sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Man kwalba da ake sayarwa a bakin hanyoyinmu ya yi tsada, domin araharsa daga wancan tallafi take fitowa.

NA UKU: LISSAFIN KASUWA

A nan ne ilimin takarda yake haɗuwa da na rumfa. Mu dai mun san dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya kuwa dala 200 ce, wato sefa 1,000, kuma da jika masu canji suke yanke farashi. To mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, cewa ana canja jika ɗaya naira 1,250. Makiyayi ya sayar da rago naira 100,000, ya canja, ya samu jika 80. Bayan wani lokaci naira ta faɗi, jika ta koma naira 2,500. In ya sake sayar da irin wannan rago a kan farashin farko, jika 40 zai shigo da ita gida. Rago bai rame ba, kuɗin ne suka rame.

Shi kuwa mai sayo buhun masara na naira 50,000, da jika 40 yake biya, yanzu jika 20 ta ishe shi. Ashe ke nan faɗuwar naira sauƙi ce ga mai sayowa daga Katsina da Kano, asara ce ga mai kai dabbobi da wake da aya da kayan lambun Jiratawa. Sai dai wannan sauƙi ba ya daɗewa, domin faɗuwar kuɗi takan jawo hauhawar farashi a can, buhun ya tashi daga naira 50,000 ya ci gaba da hawa har ratar ta ragu. Ɗalibin da ya gane wannan zai iya amsa tambaya a kan karya darajar kuɗi ko hauhawar farashi ta kowace fuska aka kawo masa ita.

NA HUƊU: IYAKA DA SIYASA

Farashin canji ba shi kaɗai yake juya kasuwa ba, akwai buɗewar hanya da rufewarta. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga 1984 zuwa 1986, abin ya haɗu da fari, har mutanen wannan yanki suka laƙaba wa yunwar lokacin suna El-Buhari. An sake rufewa a Agustan 2019; aka buɗe wasu mashigai kamar Illela da Maigatari a Disambar 2020, amma ta Jibiya sai a Afrilun 2022.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi ranar 30 ga wannan wata: aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da take zuwa daga Nijeriya, aka riƙe kuɗin gwamnati a babban banki. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, iyakar ƙasashen biyu kuma ta buɗe a watan Maris. A tsakanin haka Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen AES ranar 16 ga Satumba 2023, kuma ficewarsu daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Ga wurin da ɗalibai suke yawan zamewa: fita daga CEDEAO ba fita daga UEMOA ba ne. Ƙasashen uku sun bar ta farko, amma sun ci gaba da zama cikin ta biyu da kuma amfani da sefa.

Akwai kuma ayyuka biyu da ya dace a sani, domin duka suna taɓa wannan lissafi. Na ɗaya, layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, aka tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Na biyu, bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Binin, wanda aka yi lodin jirgin farko daga gare shi a Mayun 2024. Na farkon an yi shi ne domin rage kuɗin dako, na biyun domin shigo da kuɗin ƙetare.

NA BIYAR: HUKUNCI BIYU DA SUKA SHAFE MU

Tunda magana ta canji ce, tilas a tuna da abin da malaman fiƙihu suka shimfiɗa. Canja kuɗi da wani irin kuɗi dabam ya halatta a kan kowane farashi aka yarda, da sharaɗin a karɓa a bayar a majalisi ɗaya, ba tare da jinkirta ɓangare guda ba. Bashi kuwa, abin da mafi yawan malamai suka tafi a kai shi ne a biya shi da irin kuɗin da aka ci shi, adadi da adadi. Wanda ya ranta wa ɗan uwansa naira 100,000, naira 100,000 zai karɓa, ko da ta faɗi. Saboda haka tun ranar ƙulla ciniki ko rance a fayyace da wane kuɗi ne, a rubuta, a sa shaidu. Sau da yawa abin da yake raba abokan kasuwanci na shekara da shekaru bai wuce wannan sakaci ba. Ɗalibi kuma ya sani akwai bankunan da ba sa aiki da ruwa: Bankin Musulunci na Raya Ƙasashe da ya fara aiki a Jidda a 1975, Bankin Musulunci na Nijar da ke Yamai, da bankin Jaiz da ya buɗe a Nijeriya a 2012.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mene ne bambanci tsakanin BCEAO da UEMOA da CEDEAO?
2. Yuro 200 sefa nawa ne?
3. In ana canja jika ɗaya naira 2,000, jika nawa mai naira 150,000 zai samu?
4. Wa ya amfana, wa kuma ya cutu da karya darajar sefa a 1994?
5. Don me janye tallafin mai a Nijeriya ya taɓa aljihun ɗan kabu-kabu a Maraɗi?

Muna ba ɗalibai shawara su buɗe littafi guda, kowane mako su tambayi mai canji farashin jika su rubuta, a gefensa kuma su rubuta babban labarin da suka ji a rediyo a wannan mako. Bayan wata uku za su fara ganin yadda ɗaya yake jan ɗaya. Iyaye kuma su zaunar da ɗiyansu su ba su labarin 1984 da 1994, domin abin da suka gani da ido shi ne ake tambaya a takarda.

Allah Ya ba ɗalibanmu sa'a, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Wassalam.