Darasi A Kan Cizon Kyanwa Da Lasar Kare

Da wuya ka shiga gida a cikinmu ba ka tarar da kyanwa saboda ɓera, ko kare saboda ɓarayi ba. Idan kare ya ciji mutum, nan da nan mukan tuna da haukan kare, mu ruga asibiti. Amma in kyanwa ce, sai mu ce, "Ai ba kome, ko jini bai zuba ba." 'Yan'uwa, a nan ne muke kuskure.

Haƙoran kyanwa sirara ne, masu tsini kamar allura. Sukan huda fata su nutsa can ciki, har su kai jijiya ko gaɓar yatsa, sa'an nan bakin raunin ya rufe. To, cikin bakin yawancin kyanwoyi akwai wata ƙwayar cuta wadda ido ba ya gani. Likitoci suna ce da ita Pasteurella, gama Louis Pasteur na Faransa ya yi bincike a kanta cikin kaji a 1880. Ita kyanwar lafiyarta lau take yawo da ita. Amma da zarar ƙwayar ta sami wuri mai ɗumi a rufe cikin naman mutum, sai ta yi ta hayayyafa. Sau da yawa kafin kwana ɗaya ya cika, hannu ya kumbura, ya ɗauki zafi, yana zogi. In aka yi sakaci takan ci ƙashi, ko kuwa ta shiga jini.

Kare ma yana da tasa, Capnocytophaga, kuma ba lalle sai ya yi cizo ba. Lasar gyambo kaɗai ta isa. Mukan ji ana cewa miyan kare yana warkar da ciwo. Kada mu yarda. Yawancin mutane ba ta yi musu kome, amma takan kā da mashayin giya, da wanda aka cire wa saifa. Wasu har an yanke musu yatsu ko ƙafa, wasu sun rasa ransu. Mu lura ƙwarai da 'ya'yanmu masu amosanin jini, domin saifarsu takan daina aiki tun suna ƙanana.

In abin ya faru, a wanke raunin da sabulu da ruwa mai tsabta har minti 15. Kada a zuba toka ko ƙasa. A kai mutumin wurin likita a ranar, ko da raunin bai fi ƙwayar gero ba, a kuma faɗa masa wace dabba ce ta yi cizon, da lokacin da ta yi shi.