Yaƙin Ciyawa da Ciyawa a Filin Wasan Golf

A filin wasan golf babu wurin da ake tattali kamar ɗan dandalin da ke kewaye da ramin ƙwallo. A nan ne ɗan wasa ke gangara ƙwallo a hankali, don haka wajibi ne ciyawar wurin ta kwanta sumul kamar darduma. Akan aske ta kusan kullum har tsayinta ya dawo milimita 3 zuwa 4. A ƙasashe masu sanyi an fi shuka Agrostis stolonifera, ciyawa mai yaɗo da siraran ganye.

Babbar abokiyar gabarta ita ce Poa annua, wadda ta bazu a duniya har ta isa Antatika. 'Ya'yanta kan shigo dandali a tafin takalmi ko a jikin injin aski. Abin mamaki shi ne, duk yadda aka aske ta ƙasa-ƙasa sai ta yi fure ta zubar da iri. Furen nan kan sa ƙwallo ta riƙa tsalle tana kauce wa hanya. Bugu da ƙari, saiwarta ba ta da zurfi, saboda haka idan zafi ya tsananta takan bushe ta bar tabo a dandali.

Wahalar kawar da ita ta samo asali ne daga zumunta. Ciyayin biyu 'yan dangi ɗaya ne, wato Poaceae, dangin gero da dawa da shinkafa. Maganin da zai kashe ɗaya yakan illata ɗayar. Wannan ya sa masu kula da fili suka fi dogara ga sauya yanayin wurin, ta yadda zai dace da ciyawar da ake so.

Da farko, ruwa. Ban-ruwa kaɗan-kaɗan a kullum yana jiƙa saman ƙasa ne kawai, inda saiwar Poa take. Idan kuwa aka ba da ruwa mai yawa jefi-jefi, Agrostis mai doguwar saiwa ce ke cin moriya. Na biyu, taki. Yawan sinadarin naitirojin da fosfaras yana ƙarfafa Poa, don haka akan rage su. Na uku, iska. Poa tana jure ƙasar da sawu ya danƙare, shi ya sa ake huda dandali da injin a cika ramukan da yashi. Haka kuma akan cire ta da 'yar wuƙa tun tana ƙarama, a wanke injin aski bayan aiki.

Akwai magunguna ma. Paclobutrazol yana rage girman Poa fiye da na Agrostis. Methiozolin kuwa, wanda aka samar a Koriya ta Kudu, ya sami rajista a Amurka a 2019. Sai dai yawan amfani da magani iri ɗaya ya sa Poa ta zama gagarau ga magunguna da dama. Wasu filayen Amurka, kamar Okmont da Febul Bic, sun rungume ta ne, suna renonta a matsayin ciyawar dandali.

Darasin a nan shi ne, tsirrai suna gasa a kan ruwa da abinci da iska, kuma wanda ƙasa ta fi yi wa daɗi shi ke rinjaye. Ɗalibai na iya gwada wannan: a shuka ciyawa iri biyu tare a tukwane biyu, a bambanta yadda ake ba su ruwa, a duba wadda ta mamaye bayan mako 8.