Darasin Fiƙihu: Uwargida, Ina Sallarki Idan Kina Kan Hanya?

 

Ya ke 'yar'uwa, da zarar an ba yara dogon hutu, ko Sallah ta matso, sai ki ga gidajenmu sun kacame da shirin tafiya. Wata za ta ganin gida, wata bikin ƙanwarta, wata Maigida ne ya yi wa yara alkawarin kai su yawon buɗe ido. Ga kuma 'yan'uwanmu ma'aikata, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, waɗanda ake turawa bita Kaduna ko Abuja. An soya kaza, an yi cincin, an dafa ƙwai, an ƙulle tsarabar kuka da daddawa, hatta ledar da yaro zai yi amai a ciki an tanada. Abu guda ne ba a cika zama a yi shawararsa ba, shi ne inda za a yi Azahar da La'asar.

Duk lokacin da muka zo babin sallar matafiyi a ajin matan aure, nakan tambaya yadda kowa take yi a hanya. Amsar kusan guda ce: "Malama, ai idan na sauka nake haɗa su na rama." Wata Azahar da La'asar da Magariba da Isha duk sai ƙarfe goma na dare, jiki ya yi tsami, ido na lumshewa, ta dungura su ta kwanta. Na san dalili, don ni ma mace ce kuma da goyo na sha yin tafiya. Mota na tsayawa maza za su ruga masallaci, a bar ki da yara da kaya. Ban ɗakin wasu tashoshin ba ya shiguwa. Ga kunyar zare hannun riga a gaban 'yan kamasho. Duk wannan gaskiya ne. Amma fa a Suratun Nisa'i, aya ta 103, Allah ya bayyana mana cewa salla farilla ce mai ƙayyadajjen lokaci, kuma ayar ta zo ne dab da ayoyin tafiya da na fagen fama. Idan wanda ke fuskantar abokan gaba ba a ce ya bari sai ya koma gida ba, ina ga mai tafiya biki? Abin da shari'a ta yi mana shi ne sauƙi, kuma rashin sanin sauƙin ne ke jefa mu cikin tara salloli.

Sauƙi na farko shi ne ƙasaru: salloli masu raka'a huɗu, wato Azahar da La'asar da Isha, su koma bibbiyu. Magariba da Asuba suna nan yadda suke. Asalinsa yana cikin aya ta 101 ta surar da na ambata. A wajen malamanmu na Malikiyya sunna ce mai ƙarfi, don haka wadda take cika huɗu a hanya wai don ta fi lada, ta sani Manzon Allah (SAW) ƙasaru yake yi a tafiye-tafiyensa, kuma ba wanda ya fi shi son lada.

Nisan da ake ƙasaru a kansa, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, mil 48 ne, a lissafin yau kilomita 80 da 'yan kai. Daga Kano zuwa Zariya ko Katsina akwai ƙasaru. Daga Kano zuwa Wudil ko Bichi babu, ko da kuwa mota ta lalace an wuni a hanya. Ba wahala ake aunawa ba, nisa ake aunawa. Wadda ta hau jirgin ƙasan da ya fara zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, tana zaune cikin sanyi, ita ma matafiya ce. Sannan ba a fara ƙasaru a tsakar gida don kawai an ɗaure kaya. Sai kin wuce gidajen ƙarshe na garinku.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne bayan an sauka. Ƙa'idar ita ce niyyar zama. Idan kin yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, gwargwadon salla 20, to kin zama mazauniya tun daga saukarki, sai ki cika. Ranar da kika shiga gari bayan alfijir ba a lissafa ta. Misali, ofis ya tura ki bita Abuja, kin sauka Lahadi da yamma, za a yi Litinin da Talata da Laraba, ki kamo hanya Alhamis da sassafe. Cikakkun kwanakinki uku ne, ƙasaru za ki yi ta yi a masauki. Idan kuwa bitar daga Litinin ce har Juma'a, to tun daren Lahadin nan Isharki raka'a huɗu ce. Haka mai zuwa ganin gida ta yi sati biyu, ƙasarunta a kan hanya ne kawai. Wadda kuma ba ta san ranar komawa ba, kamar mai jinya a asibitin wani gari ko mai bin takardun fansho, kullum ana ce mata gobe, ita za ta ci gaba da ƙasaru ko da ta daɗe. Annabi (SAW) ya yi kwana 19 a Makka a shekarar da aka buɗe ta, shekara ta 8 bayan hijira, yana ƙasaru.

Ki isar wa Maigida wannan shi ma, musamman idan yana cikin masu aiki a wani gari su zo gida ƙarshen mako. Ranar da ya shigo gidansa ƙasaru ya yanke, ko kwana ɗaya zai yi. Haka idan yana da iyali a gari biyu, duk garin da matarsa take, da ya shiga sai ya cika. (Maganar izinin miji da muharrami a tafiyar mace darasi ne mai zaman kansa, ba shi muke yi yau ba.)

Sauƙi na biyu, wanda a ganina shi ya fi yi wa mata amfani, shi ne jam'i, wato haɗa salla biyu a lokacin ɗayarsu. Azahar da La'asar ake haɗawa, sai Magariba da Isha. Ba a haɗa La'asar da Magariba, Asuba kuwa ba ta da abokiyar haɗi. Ɗauki hanyar Kano zuwa Maiduguri, tafiyar da ta kusa kilomita 600, ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu. Direba ya tsaya cin abinci a Potiskum bayan rana ta yi zawali, kuma da alama ba za ku sauka ba sai bayan faɗuwar rana. To ki yi alwala, ki yi niyyar haɗawa, ki sallaci Azahar biyu, ki sallame, ki miƙe nan take ki kawo La'asar biyu. Duka ba su fi minti goma ba. Kin ga kin koma mota ba nauyin komai a kanki sai Magariba. Idan kuma Azahar ta riske ku mota na gudu, kuma kin san za a tsaya kafin rana ta yi ja, sai ki ƙudura a ranki za ki jinkirta ta ki haɗa da La'asar. Wannan niyyar ita ce bambanci tsakanin jam'i da sakaci. Haka Magariba da Isha: ko ki jawo Isha, ko ki jinkirta Magariba.

To ina batun alwala? Abu mafi sauƙi ki fito daga gida da ita. Idan ta karye, ba sai an sami famfo ba. Annabi (SAW) da mudu guda na ruwa yake alwala, wato cikin tafi biyu na mutum matsakaici, kuma wanke kowace gaɓa sau ɗaya ya wadatar. Ledar fiya wata biyu ta ishe ki har da saura. Ki zagaya bayan mota, 'yarki ko wata fasinja ta kare ki da zani, a ƙarƙashin hijabi ma ana iya shafar kai. Na ga mata da yawa suna ƙin shan ruwa tun daga safe don kada fitsari ya kama su, su sauka da ciwon kai. Ba sai an kai ga haka ba. Ƙaramar buta da gorar ruwa da 'yar darduma mai naɗewa ba su kai nauyin kular abinci ba.

Idan ruwan babu shi sam, ko wanda ke hannunki na shan yara ne, ko kina tsoron kafin ki samo shi lokaci ya fita, sai taimama, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida aya ta 6. Ki bugi ƙasa mai tsarki ko dutse, ki shafi fuska da hannaye. A mazhabarmu kowace farilla da taimamarta, kuma sai lokaci ya shiga, don haka mai jam'i za ta sake wata kafin salla ta biyu. Wadda tsarki ya zo mata a kan hanya, ba halin wanka, ita ma taimamar za ta yi ta yi salla, idan ta sauka ta yi wanka.

Sai uzurin da na fi ji daga masu goyo: "Yaro ya yi mini fitsari a jiki." Malamanmu ba su manta da ke ba. Sun yi rangwame ga tufafin mai shayarwa matuƙar tana iya ƙoƙarinta wajen kiyayewa, sai dai sun so ta keɓe wani tufafi na salla. Ki sa zani guda da hijabi mai tsabta a leda a cikin jakar hannu, ba a akwatin da aka ɗaure a but ba.

Motocin dare, irin na Kano zuwa Legas, nan ne Asuba take shiga hatsari. Wasu direbobin suna tsayawa, wasu sai an yi magana. Ki yi maganar, ko ki sa yaronki ya gaya wa dattijon da ke gaba, don sau tari mutum ɗaya ake jira ya fara. Idan an ƙi tsayawa kuma kin ga rana za ta fito, ki yi taimama da ɗan dutsen da kika tanada a jaka, ki yi sallarki a zaune yadda ya sawwaƙa, kina nuni da kai, sujada ta fi ruku'u sunkuyawa. Wannan na lalura ne. Wadda za ta iya sauka ba ta yin farilla a kujerar mota.

Idan kuwa motar gida ce, to wallahi ba mu da abin cewa, sitiyari a hannun Baban yara yake. Wani hutun Disamba mun kai yara Yankari. Tun da dare muka zauna da shi muka tsara: mu bar Kano bayan Asuba, mu bi ta Birnin Kudu da Ningi, mu yi Azahar da La'asar a Bauchi, don daga nan akwai sauran tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. Kwana biyu muka yi, saboda haka ƙasaru muka yi ta yi. Abin da na lura da shi shi ne, a wurin shaƙatawa ba hanya ce ke cinye salla ba, daɗi ne. Ruwan Wikki ɗumi gare shi dare da rana, yaro in ya shiga sai an yi da gaske yake fitowa, ga birai na fakon ledar abinci, uwa tana can tana gadi har rana ta yi ja. Dokar da muka kafa ita ce ba mai taɓa ruwa sai an yi La'asar, kuma ta yi aiki fiye da duk faɗan da zan yi. 'Yata, lokacin tana da shekara takwas, a wannan tafiyar ta fara tambayar me ya sa Azahar ta koma biyu. Da muka zo babin a Islamiyya bayan shekaru, ita ta yi wa ajinsu bayani.

Saura mas'aloli biyu da ake yawan aiko mini. Ta farko, idan kin shiga sashen mata a masallacin hanya kika bi limami mazaunin gari, to huɗu za ki cika tare da shi, ba a sallamewa a raka'a biyu a bar liman. Ta biyu, ramuwa tana bin yadda sallar ta kuɓuce. Wadda barci ya kwashe ta a mota La'asar ta wuce, biyu za ta rama ko da ta iso gida. Wadda kuma ake bin ta sallar gida, huɗu za ta rama ko a kan hanya ne.

A dawowa kuwa, kina nan a matsayin matafiya har sai kin iso gidajen farko na garinku, wato daidai inda kika fara ƙasaru da za ki tafi. Mai dawowa Kano daga Kaduna, idan ta tsaya a Kwanar Dangora ta yi La'asar, biyu za ta yi. Idan ta bari har mota ta shigo Na'ibawa kuma da sauran lokaci, to ta zama 'yar gida, huɗu ce a kanta, ko da ba ta kai ga sauke akwati ba. Allah ne mafi sani.